Mai Goyo da Mai Magana: Amanar Jinjiri a Ƙasar Ƙonni da Adar

Bahaushe ya ce ɗa na kowa ne, kuma ba a taɓa jin wanda ya tsaya ya musa ba. Magana ce mai daɗin faɗi ranar suna, sa'ad da liman ya raɗa, aka yanka rago, maroƙi ya ɗaga murya, kowa ya miƙa hannu ya karɓi jinjiri ya sa masa albarka. Amma ranar suna guda ɗaya ce. Bayanta akwai kwana 600 ko 700 kafin yaye, kuma a kowace rana daga cikinsu sai an sami bayan da zai goya yaron, da idon da zai tsare shi daga murhu, da bakin da zai yanke shawara in jikinsa ya yi zafi da tsakar dare. A nan tambaya take: cikin wannan «kowa» da karin maganar ya ambata, wa ke ɗauke da nauyi, wa ke riƙe da magana, kuma shin mutum guda ne?

Tambayar ta fi fitowa fili a gundumomi uku na kudancin jihar Tawa, wato Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela. Ƙasa ce da aiki ba ya yankewa. A Ƙonni akwai fadamar noman rani da aka gyara tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, mai faɗin hekta sama da 2,000, wadda ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango. A kwarin Maggiya, wajen Galmi da Dogerawa da Tsarnawa, albasar da sunanta ya kai Abijan da Akara tana cin hannu tun daga dashe cikin sanyi har zuwa cira cikin bazara. A tudun Illela kuwa, mazaunin Sarkin Adar, da Badagishiri da Tajaye, da zarar an ɗaure damman gero sai samari da magidanta su kama hanyar bida, wasu Najeriya, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu ma damina ta zo ta wuce ba su komo ba. Abin da ya rage a gidaje da yawa shi ne tsofaffi da mata da yara. Jinjirin da aka haifa a irin wannan gida yana da dangi masu yawa a baki, amma hannuwan da ke kusa da shi ƙidayayyu ne.

Kafin a shiga cikin gidan, ya kamata a san abin da ya bambanta haƙƙin jinjiri da sauran haƙƙoƙi. Haƙƙin da ke tsakanin manya yawanci na bani-in-baka ne: ɗan kasuwa da mai saye, maigida da bara, maƙwabci da maƙwabci, kowa na da abin da zai rama da shi, kowa na da bakin kai ƙara. Jinjiri ba shi da ko ɗaya. Bai roƙi a haife shi ba, ba ya iya biya, ba ya iya shaida, kuma in an yi masa sakaci shi da kansa ba zai sani ba. Wani masanin falsafa Bajamushe, Hans Jonas, a littafin da ya wallafa a 1979 kan tushen ɗaukar alhaki, ya ɗauki sabon haihuwa a matsayin misali na asali na duk wani nauyi da ke kan ɗan Adam, domin kasancewarsa kaɗai, da numfashinsa, sun isa su zama umurni ga wanda ke kusa. Hausa tana da kalma ɗaya da ta tattara wannan duka, wato amana. Sai dai amana tana da sharaɗin da ake yawan mantawa: wanda aka ba ajiya dole a ba shi ikon tsare ta. Wanda aka ce ya tsare rumbu, aka kuma hana shi ya kori akuya, in hatsi ya ƙare an zalunce shi sau biyu, an ɗora masa gadi, an kuma ɗora masa laifi.

A ɗauki maganar ruwa, domin ita ce mafi ƙanƙanta a ido, mafi nauyi a sakamako. Tun 2001 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta tsayar da cewa nonon uwa zalla ya wadaci jinjiri har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo, ba kunu. Dalilin a sarari yake. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, mai tsabta, mai ɗauke da garkuwar jiki. Ruwan randa ko na rijiya kuwa yana cika ƙaramin ciki ba tare da ya ciyar ba, yana rage tsotso, nono ya ja baya, sannan yana iya shigo da zawo, wanda kan ƙarar da ruwan jikin jinjiri cikin yini ɗaya ko biyu. Duk da haka ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2006 ta sami kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai na jariran Nijar ƴan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla, ta 2012 kuma ta sami kashi 23. Mai saurin hukunci zai ce jahilcin iyaye mata ne. Amma uwar nan ta je awon ciki, ta ji bayani daga bakin ungozomar likita, wataƙila ma ta yarda. Ta komo gida cikin watan Afrilu, zafi ya haye digiri 40, uwar miji ta dubi leɓen jikanta ta ce: «Wannan yaro ƙishirwa yake ji.» Yarinya ƴar shekara 17, mai haihuwar fari, a gidan surukai, da wane baki za ta ce a'a?

Kuma kakar nan ba mugunta ta yi ba. A wurinta jinjiri baƙo ne, haka ma ake kiransa, kuma ba a san gidan mutunci da baƙo zai sauka a hana shi ruwa ba. Tausayi ne ya motsa hannunta. Tausayin nan shi ne ke bayan matse dakashi a zubar, wai nonon fari bai gyaru ba, alhali shi ne rigakafin farko da yaro ke samu; shi ne ke bayan bauri da ake ɗura wa jinjiri don cikinsa ya yi ƙarfi; shi ne ke bayan kiran wanzami ya cire beli cikin kwanakin farko, aikin da kan jawo zubar jini da ƙin tsotso da shigar cuta ta bakin aska. Duk masu yin waɗannan abubuwa suna son yaron. Wannan shi ya sa matsalar ta zama ta tunani, domin da ƙiyayya ce da wa'azi ya isa. Abin da ke faruwa shi ne an raba abu biyu da ya kamata su zauna wuri ɗaya: wadda za ta kwana a zaune in zawo ya kama yaron daban, wadda ta yanke shawarar ba shi ruwan daban.

Rabuwar nan ta fi muni in ciwo ya zo. A 2006, zamanin shugaba Tanja Mamadu, gwamnati ta ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, bayan an gina ƙananan ɗakunan shan magani masu yawa a ƙauyuka. Abin ya yi amfani ƙwarai. Wani bincike da mujallar likitoci ta The Lancet ta buga a 2012 ya nuna mace-macen yara ƴan ƙasa da shekara 5 a Nijar sun sauka daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, saboda magani kyauta da gidan sauro da yaƙi da tamowa. Amma ragin bai kai haka ba ga jarirai na watan farko, waɗanda rayuwarsu ke hannun ƴan cikin ɗaki tun kafin likita ya gan su. Magani kyauta bai biya kabu-kabu ba, bai ɗaura amalanke ba, bai kuma ba mace izinin fita ba. Ƙididdigar 2012 ta nuna kusan mace ɗaya ce cikin biyar ke da ta cewa a kan lafiyar jikinta. To ga uwa a wani ƙauye nesa da kwalta, yaro ya ƙi nono, numfashinsa na sauri, mai izini yana Abijan, salularsa a kashe, ƙanen miji ya ce a bari gari ya waye, uwar miji ta ce a fara gwada rubutu. Asibitin Galmi, wanda mishan ta SIM ta buɗe tun 1950, da asibitocin gunduma, da ɗakunan jinyar tamowa, duk suna nan, amma sa'o'in da ke kashe jinjiri a zaure da tsakar gida ake ɓatar da su. In ya rasu, za a ce kwana ya ƙare, kuma gaskiya ne kwana na Allah ne. Sai dai a bayan fage, in mata sun keɓe, sunan uwar ake kira, a ce ba ta iya reno ba.

Akwai kuma wata mai ɗauke da kaya wadda ko a lissafi ba ta shiga, ita ce ƴar reno. Uwa ba ta iya daka da ɗiban ruwa da neman itace da noman gamana da dashen albasa duk da goyo a baya tun safe har almuru. Sai a kwance yaron a ɗaura wa yayarsa, ƴar shekara 6 ko 7, wadda ƙafafun goyonta ke kusan taɓa bayan gwiwarta. Daga nan ita ce mai gadi tsakanin jinjiri mai rarrafe da wutar jin ɗumi ta hunturu, da tukunyar kunu, da bakin rijiyar lambu da ba ta da murfi, da magudanar ruwan fadama, da kwalbar ruwa-ruwa da ake sayarwa a bakin hanya a garin iyaka irin Ƙonni, da maganin ƙwari da manomin albasa ya ajiye a lungun ɗaki cikin gorar lemo. Ana neman yarinyar da ita kanta ba ta gama sanin haɗari ba ta hango wa wani haɗari. In abu ya faru ita ke shan bulala. Nan ma sharaɗin amana ya karye, amma ta wata fuska: uwa an ba ta nauyi an hana ta iko, ƴar reno kuwa an ba ta nauyin da ko an ba ta iko ƙarfinta bai kai ba.

Farashin da take biya malaman makaranta sun fi kowa saninsa, domin a rajistarsu yake rubuce. Dokar da gwamnati ta sa wa hannu a watan Disamba na 2017 ta yi alkawarin kare karatun ɗiya mace har shekara 16, amma dokar ba ta faɗi wanda zai riƙe ƙanenta ba. Akwai ma abin da ba a cika faɗa a taron malamai ba. Dokar aiki ta ƙasa ta 2012 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, da sa'a ɗaya a yini ta shayarwa har shekara guda. Mako 14 bai kai wata 6 ba. Malama ƴar kwantaragi da aka tura wani ƙauye nesa da danginta, a makarantar zana, ba gidan reno, ba kaka, me za ta yi? Sai ta ɗauko ƴar ƙanwa ko ƴar maƙwabta ta zaunar da ita a inuwar bedi da jinjiri a cinya, ita kuma ta shiga aji tana koya wa ƴaƴan wasu amfanin karatun mata. Ba a faɗi wannan don a zargi malamar ba, tilas ce ta sa ta. An faɗa ne don a ga yadda kaya ke gangarowa daga mai ƙarfi zuwa marar ƙarfi, mataki-mataki, har ya tsaya a kan wadda ba ta da wanda za ta miƙa wa.

Masu kare wannan tsari sukan jingina shi ga addini, amma littattafan da ake karantawa a zaurukan Ƙonni da Sakkwato ba su goyi bayansu ba. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shayarwa ta shekara biyu, ita ce kuma ta ɗora wa uba ci da tufafin mai shayarwa, ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta, ta kuma sa yaye ya zama bisa yarda da shawara tsakanin su biyu. Wato an haɗa maganar uba da aljihunsa, an kuma ba uwa kujera a wurin shawara. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin fiƙihun Malikiyya ya sani, ta ba uwa haƙƙin reno ko bayan rabuwar aure, in kuma ta faɗi daga haƙƙin sai ya koma ga kakar wajen uwa. Al'adar da ke karɓe yaro daga uwarsa da zarar an yaye shi, ko ta yaye shi dare ɗaya don an ga ciki ya shiga, a aika shi wani gari wurin kaka, al'ada ce, kuma sai a kira ta da sunanta. Uban da ke bida ba a ce ya yi laifi da ya tafi ba, yunwa ce ta kore shi, kuma kuɗin da yake aikowa su ke riƙe da gidan. Inda gardama take shi ne ya tafi da izini a aljihu. Wanda zai yi wata takwas ba ya nan, adalci shi ne ya bar izinin a gida, ya faɗa a gaban uwarsa da ƙannensa cewa in yaro ya yi ciwo matarsa ta kai shi likita ba sai an nemo shi ba, ya kuma bar ƴan jikkunan mota a hannunta. Makarantun mazaje da aka fara a jihar Damagaram wajen 2008, aka kuma yaɗa su zuwa wasu jihohi, sun nuna cewa magidanta na jin irin wannan magana in daga bakin ƴan uwansu maza ta fito.

To amma akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya gefen, kuma ba daidai ba ne a tsallake ta. Za a ce: in iko ya bi nauyi, ke nan a bar yarinya ƴar shekara 16 ta yi gaban kanta, a rufe bakin tsohuwar da ta haifi goma ta rena ashirin? Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Hujjar tana da gaskiya rabi, kuma rabin nan babba ne. Kaka ita ce ta san kukan yunwa da kukan ciwo, ita ta san yadda ake riƙe wuyan da bai tsaya ba, kuma a gidaje da yawa ita ma tana goyo, tana kwana da yaro, saboda haka maganarta ta fi ta kowane namiji tushe. Ayyukan da aka yi a Senegal tare da kakanni, ƙarƙashin jagorancin Judi Aubel, sun nuna cewa in an zauna da tsofaffi mata an saurare su, su ne kan zama masu tsaron nono zalla a gidajensu. Kuskuren masu faɗakarwa na shekara da shekaru shi ne tara matasan iyaye mata a rumfar awo ana yi musu bayani, wato ana ɗora ilimi a kan wadda ba ta da iko, an bar mai ikon a gida ba wanda ya gaya mata komai. Saboda haka gyaran ta fuska biyu yake zuwa: mai goyo a ba ta magana, mai magana kuma a kai mata sani, a kuma ba ta rabonta na alhaki in shawararta ta ɓaci.

Al'adar kanta tana da tushen wannan gyara, a cikin jego. Kwana 40 mai jego ba ta daka, ba ta zuwa rijiya, ana dafa mata, ana ɗauke mata, mai haihuwar fari ma gidan iyayenta ake kai ta. Ma'anarsa ita ce kakanni sun gane cewa ba a iya kula da jinjiri sai an kula da mai kula da shi, abin da wata masaniyar falsafa ta Amurka, Eva Kittay, ta gina littafi guda a kansa a 1999. Ba dukan abin da ke cikin jego ne alheri ba. Likitoci a Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa wanka da tafasasshen ruwa da yawan kunun kanwa na da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Amma ƙashin bayan al'adar lafiyayye ne. Aibinsa ɗaya, gajarta. Ranar arba'in gayya ta watse, alhali wahalar reno ba ta ma soma ba, domin jinjirin kwana 40 yana nan inda aka ajiye shi, na wata 9 kuwa ya san hanyar murhu.

Kuma reno bai tsaya ga tsare rai ba. A cikin kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cika shekara 2, ƙwaƙwalwa ke yin mafi yawan gininta, kuma ƙididdigar abinci ta ƙasa ta daɗe tana nuna sama da kashi 40 cikin 100 na ƙananan yaran Nijar sun tsumbure. Bayan abinci, ginin nan na buƙatar fuska da murya: a dubi yaro, a yi masa magana, ya yi gwalantu a amsa masa. Goyo na ba da ɗumi da natsuwa, har likitocin Bogota a ƙasar Kolombiya suka mai da irinsa magani ga bakwaini a 1978, ta hanyar manna jinjiri a ƙirjin uwa. Sai dai yaron da ke baya ba ya ganin fuskar mai goyonsa, uwar da ta gaji ba ta da bakin wasa, mai ɗan fari kuma kunya ta hana ta ko kiran sunansa a gaban mutane. A da, gida mai yawa ne ke cike wannan giɓi: kaka mai kirari da tawai, goggo mai waƙar rarrashi, kakan da ke kiran jikanyarsa matarsa. Wasan jika da kaka, wanda ake ɗauka raha ce kawai, makarantar harshe ce ta farko. Inda bida ta kwashe rabin gida, sauran kuma suna lambu, sai a iske jinjiri ya yini da wadda ita ma kalmominta ba su cika ba. Yaron da ya iso ajin farko yana da shekara 7 ba ya iya haɗa jimla mai tsawo ko da Hausar da ya tsotsa, labarinsa ya faro tun daga nan.

Ƙungiyoyin raya al'adu da na iyayen yara, da na iyaye mata masu kula da makaranta, suna da abin yi a nan wanda bai jira kuɗin waje ba. Mata sun riga sun san adashi, sun san gayya, sun san karɓa-karɓar girki tsakanin kishiyoyi. Rumfa guda kusa da lambu ko a harabar makaranta, da tsofaffi biyu ko uku da za a riƙa ba su tiyar hatsi ko ƴan dalolin da masu yara suka tara, ta isa ta sauke goyo daga bayan yara mata goma, ta kuma bar uwa kusa yadda za ta zo ta shayar ta koma aiki. Daraktan makaranta a Tsarnawa ko Dogerawa yana iya sanin yawan masu buƙatar rumfar ba tare da wani bincike ba: ya buɗe rajista, ya duba sunayen ƴan matan da suka fara fashi daga lokacin dashen albasa, ya tambayi kowace ɗaya watannin ƙanenta.